Iskar da Na Rage wa Motar Surukina

Ku samarin nan da kuke zuwa ku cika mini benci kuna latsa waya, na san abin da kuke faɗa idan na juya baya. Wai mene ne aikin mai faci in ba sayar da iskar Allah ba: ka maƙala tiyo a bakin taya, ka ji fuu, ka miƙa hannu a ba ka. Na ji da kunnena, ban kurumce ba tukuna. Shekara arba'in da 'yan kai ke nan ina durƙuso a bakin titin nan da ya haɗa unguwannin Nima da Maamobi, gwiwoyina duk sun yi kanta, amma har gobe idan aka kawo mini motar da aka cika da iyali sai gabana ya faɗi. Tunda kun ce aikin ba wuya, ku gyara zama. Zan ba ku labarin 'yar iskar da na saki da kan ƙusa, ta kashe mutum, kuma mutumin uban matata ne.

Ina ɗan shekara goma sha biyar mahaifina ya kama hannuna ya kai ni Sabon Zango wurin Masta Hamidu, wani Bazabarme dogo mara son magana. Goro aka kai masa da kwalaben lemo, aka yi fatiha, aka bar ni. Shekarar farko ban taɓa taya da sunan gyara ba. Aikina ɗebo ruwa in cika rabin duro, in tsoma tub a ciki in yi ta juyawa har in ga inda yake fitar da kumfa, in soka tsinken ashana a wurin. Idan na kawo huji ɗaya alhali biyu ne, ba ya zagi. Sai ya bari a liƙe, a mayar, a hura, taya ta sake sacewa a gaban mai mota, sannan ya miƙo mini liba ya koma ya zauna. Liba ita ce ƙarfen nan mai faɗin baki da muke ɓamɓare taya daga rim da shi. Ku ɗaga ta ku ji nauyinta. A wancan lokaci babu injin da ke cire taya, ƙarfe ne da guduma da diddigen ƙafa.

Facin zafi na farko da ya bar ni na yi da hannuna, tub ɗin wata motar burodi ne. Za ka kankare bakin hujin har ya yi kaushi, ka shafa gam, ka ɗora ɗanyen roba, ka sa takarda a kai, sannan ka danne da tsohon fistan na mota, ka ɗaure tamau, ka zuba kananzir a cikin fistan ɗin ka ƙyasta ashana. Wutar ce ke dafa robar ta zama jiki ɗaya da tub. Kananzir ya yi kaɗan, faci ya ɓalle a hanya. Ya yi yawa, ka ƙona tub ɗin mutane. Ni nawa ya yi yawa. Mai burodi ya zage ni tas cikin harsuna uku, Masta yana zaune yana cin goronsa. Da mutumin ya tafi sai ya ce, "Yanzu ka san awonsa." Iyakar darasin ke nan.

Abu ɗaya ne ba shi da shi a rumfarsa, shi ne geji, ma'aunin iska. Yana da wani guntun ƙarfe da yake buga taya da shi ya kasa kunne. In ta ce kam, ta ƙoshi. In ta ce bum, a ƙara. Kuma yana da doka ɗaya da duk direban zango ya yarda da ita kamar karatu: motar da za ta hau hanyar arewa, a rage mata iska. Dalilinsu shi ne kwalta can ta fi zafi, iska kuwa idan ta ji zafi kumbura take yi, to idan taya ta riga ta cika ina za ta je in ba ta fasa ba? Magana ce mai shiga hankali. Na haddace ta, na yi aiki da ita shekara da shekaru, har bayan an 'yanta ni an barbaɗa mini hoda a ka, alamar na gama koyon aiki, na zo na kafa tawa rumfar a nan. Allah ya ji ƙan Masta Hamidu. Bai koya mini abin da ya san ƙarya ne ba, abin da aka koya masa ya ba ni.

Wata malamar asibiti ce ta wayar mini da kai, wata Batoniya, mutuniyar kudun ƙasar nan, da ake ce wa Anti Adwoa. Ta zo da ƙaramar motarta za ta kai 'ya'yanta hutu garin Wa, can arewa. Ni kuwa don in nuna na san aiki, ban ko tambaye ta ba na durƙusa na soma sakin iska. Sai ta daka mini tsawa. Ta kama hannun rigata ta ja ni zuwa ƙofar direba, ta buɗe, ta nuna mini wata 'yar takarda da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar. Sau nawa na buɗe ƙofar mota ban taɓa kula da ita ba! Ga hoton mutum biyu da lamba a gefensu, ga hoton mutum biyar da akwati da wata lambar a gefe, kuma ta ƙasan ta fi ta saman yawa. Ta ce mini cikin yarensu na Tonanci, waɗanda suka ƙera motar ne suka rubuta, ko kana gani ba su san da rana ba ne? Kunya ta kama ni, har na yi ɗan gunaguni don kada a ce mace ta ƙure ni a rumfata. Amma washegari na shiga gari na sayi geji.

Ban yarda da takarda haka kawai ba, sai da na gwada. Duk motar haya da ta tsaya nan bayan doguwar tafiya, sai in zagaya in ɗora tafin hannu a kan tayoyinta. Wadda ta ƙoshi za ka ji ɗumi. Wadda ta yi laushi kuwa ba ka iya barin hannunka a kanta. Ku ɗauki waya ku yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, za ku ji ta yi zafi, can sai ta karye. Haka gefen taya mai ƙarancin iska yake yi, duk juyi ɗaya sai ya lotsa ya miƙe, ya lotsa ya miƙe, har zaren da ke ciki ya dafu. Ashe abin da muke yi don gudun fashewa shi ne yake kawo ta. Daga nan na koyi sauran. Ana auna iska da safe, taya na sanyi, ba bayan an yi gudu ba. Lambar da ke jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba abin da motarka ke so ba. Idan an cika mota da mutane da kaya, ƙarawa ake yi, musamman na baya. Ita ma safaya da ke kwance a but ana tunawa da ita. Duk wannan na san shi sarai shekara takwas kafin ranar da zan gaya muku. Ku riƙe wannan, don ba zan fake da rashin sani ba.

Alhaji Bukari shi ne surukina, uban matata Memuna. Shekara talatin yana tuƙa babbar motar goro daga kudu zuwa arewa, ba garin da ke kan hanyar nan da bai san mai shayinsa ba. Lokacin da na nemi auren 'yarsa, dangi da yawa sun taɓe baki, wai mai faci, kullum hannu baƙi ƙirin. Shi ne ya ce, "Mutumin da hannunsa ya yi baƙi da aiki ba zai bar 'yata da yunwa ba." Ya ba ni ita. Tun daga ranar ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba. Idan na hango shi a lungu sai in tuɓe takalmi in durƙusa. Ku yanzu kuna shan hannu da surukanku kuna ɗaukar hoto tare, ba za ku gane ba. Da ya ajiye babbar mota, 'ya'yansa suka haɗu suka saya masa ƙarama ta gida. Da kansa yake wanke ta kowace safiya, kuma ba ya yarda kowa ya taɓa tayoyinta sai ni.

Yau shekara goma sha biyu ke nan da faruwar abin. Yayansa ya rasu a ƙauyensu gaba da Tamale, ba su samu jana'iza ba, sai suka shirya zuwa addu'ar bakwai. Da hantsi bai gama fitowa ba suka tsaya a nan, daidai inda babur ɗin nan yake. Na ga motar tun daga nesa, gindinta ya kusa taɓa ƙasa. Buhun shinkafa biyu a but, jarkar mai, manyan tukwane, tabarmi an ɗaure a sama, ga mutum shida dukansu manya. Hajiya, surukata, tana gaba tana jan carbi. Maza biyu da wata gwaggo suka fita suka tsallaka titi sayen koko da ƙosai. Memuna ce kaɗai ta rage a baya, ta jingina kai da ƙofa ta lulluɓe fuska da mayafi, don tun asuba take ɗaurin kaya. Na ɗauka barci take.

Na tada kwampresa, injin hura iska, na fara da safaya na cika ta. Sannan na durƙusa a tayar baya ta hagu na sa geji. Talatin da biyu. Takardar ƙofar motar nan na san ta kamar tafin hannuna, da irin wannan lodi talatin da takwas take so. Na ɗauko tiyo zan ƙara, sai na ga inuwar Alhaji a kaina.

Ya ce, "Me za ka yi?"

Na ce, "Baba, zan ɗan ƙara ne, kayan da nauyi."

Ya ce, "A'a, ɗana. Rage za ka yi. Hanyar nan wuta ce, in an wuce Kintampo kwalta har narkewa take."

Na sunkuyar da kai na ce, "Baba, ai a jikin ƙofa an rubuta..."

Ya yi 'yar dariya, ba ta raini ba, irin wadda babba yake yi wa yaron da yake so. Ya ce, "Wanda ya rubuta takardar nan a ƙasar sanyi yake, bai taɓa ganin Kintampo ba. Ni kuwa tun ba a yaye ka ba nake bin ta. Rage mini."

Iyakar maganar ke nan. Bai yi tsawa ba, bai tilasta ni ba. Da wani ne daban, wallahi da na miƙe na ce ya kai motarsa wani wuri. Da ma zan iya yi masa wayo, in sa ƙusa a bakin bawul, inda iska ke shiga, in ɗan saki ya ji ƙara, in bar ta yadda take. Har hakan ya zo mini a rai, amma yana tsaye a kaina yana kallon geji, kuma na ji nauyin in yaudari mutumin da ya ba ni 'yarsa. Na sa ƙusa na danna. Talatin. Ya ce ƙara. Ashirin da takwas. Ya ce kaɗan kuma. A ashirin da shida ya sa ƙafa ya taka gefen tayar ya ce, "Yauwa." Haka na bi sauran ukun. Kwampresa tana ta ruri a bayana don na manta ban kashe ta ba. Da na gama ya ciro goro fari ya ba ni, ya ce Allah ya yi mini albarka. Na ce amin, Allah ya kiyaye hanya. Na tsaya ina kallon motar har ta sha kwana, tayoyin baya sun baje kamar an danne ƙullin fura.

Bayan la'asar aka bugo waya. Sun wuce Kintampo da kaɗan, tayar baya ta hagu ta yage, motar ta ƙwace ta yi juyi biyu ta faɗa rami. Alhaji ya cika kafin a kai asibiti. Memuna ta karye a ƙugu. Sauran sun ji raunuka amma da sauƙi. Can ƙauyensu aka kai shi aka binne kusa da yayan da ya je wa addu'a.

Da na isa asibitin, bayan na ga Memuna an ɗaure ta ba ta san wanda ke kanta ba, na nemi a nuna mini inda aka ja motar aka ajiye. Kowa yana kallon gilashin da ya farfashe, ni taya na nufa. Tayar da ƙusa ko dutse ya fasa, huji ɗaya za ka gani ko tsaga ɗaya. Wannan kuwa gefenta ya rabu da ita zagaye guda, kamar an bi da wuƙa. Na zura hannu ciki na ɗebo baƙin garin roba cikin tafina. Duk mai faci da ya san aikinsa, ya ga garin nan ba sai an yi masa bayani ba. Na zauna a ƙasa a wurin na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da na binne ubana.

Kafin mu dawo da Memuna gida, labari ya riga ya gama Nima. Mutanen da ke sayen koko a ƙetaren titi sun ga motar Alhaji a rumfata, sun gan ni durƙushe, sun ji kwampresa tana ruri. Sai aka haɗa: wai ni Isifu mai geji, mai iyayin karanta takarda, ya ɗura wa motar surukinsa iska har ta yi yawa, rana ta buga, ta fashe. Ba wanda ya ƙirƙiro shi don mugunta. Ya yi daidai ne da abin da kowa ya riga ya yarda da shi, shi ya sa ya zauna daram.

Shekarar nan ita ce mafi muni a duk zamana a bakin titin nan. Motocin da suka shekara goma suna zuwa wurina sai in ga sun wuce sun tsaya a wurin wani da ya kafa rumfa can gaba. Akwai ranar da tun safe har magariba tayar amalanke ɗaya na liƙe. Memuna da ma wake da shinkafa take sayarwa a bakin tasha, ga ta kwance, tukunya ta kife. Sai da na sayar da babban jak ɗina na ɗaga mota. Amma ba yunwar ce ta fi ci mini rai ba. 'Yan kaɗan ɗin da suke zuwa, kowa da sharaɗinsa.

Wani direban tasi mai suna Razak, wanda na sha liƙe masa taya tun yana karen mota, ya tsaya wata safiya ya ce, "Masa, maigida, gobe zan kai famili Bolga, can arewa. Rage mini iska, taya ya cika paa, ya yi yawa."

Na auna na ce, "Ba ta cika ba. Ƙari ma take so."

Ya ce, "Cale, abokina, kar ka sa mini wannan geji naka. Rage kawai."

Na ce, "Ba zan rage ba."

Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ba ka ji tsoron Allah kraa, ko kaɗan? Mota na surukinka bai ishe ka ba, sai ka haɗa da yarana?"

Ya ja motarsa ya tafi can gaba, ina kallo aka durƙusa aka sakar masa. Amsa tana bakina, ban iya furta ta ba. In ce me? In ce Alhaji Bukari, wanda duk zango ke kira uban direbobi, wanda ƙasar kabarinsa ba ta gama bushewa ba, shi ya tsaya a kaina ya sa na rage? Ba a tuhumar mamaci, balle suruki. Kuma wa zai shaida? Hajiya tana gaba da carbinta gilashi a rufe, ba ta ji komai ba. Sai na ga gara a zage ni da a ce na tono shi don in wanke kaina. Har na riƙa jin shirun nan kamar wani abin kirki nake yi masa.

Babbar Salla ce ta fasa mini wannan tunanin. Kun san yadda ake yi, kwana uku kafin Salla duk mai mota yana ɗaukar iyali a tafi gida. Na zauna a kan bencin nan ba aiki, ina kallon rumfar can gaba. Mota bayan mota, cike da mata da yara da buhuna, kowace ta tsaya a sakar mata iska. Har na ji wani yana ce wa mai rumfar, "Rage sosai, kar a yi irin na Alhaji Bukari." Wato mutuwarsa ta zama hujjar abin da ya kashe shi. Wata mota ta wuce ta gabana, wata 'yar yarinya da sabon kitso ta leƙo tana ɗaga mini hannu, na dubi tayar da ke ƙarƙashinta. Na tashi na rufe rumfa da rana tsaka na tafi gida.

Na tarar da Memuna a ƙofar ɗaki a kan kujera 'yar tsugune, sandarta a jingine da bango, tana tsince wake a faranti. Lokacin ta fara takawa ke nan. Mutanen gidan duk sun fita kasuwa. Wata goma muna ɗaki ɗaya, ina ɗaga ta ina kwantar da ita, ba mu taɓa maganar ranar nan ba. Na durƙusa a gabanta kamar yadda nake durƙusa wa taya, don ban san wani irin zama ba.

Na ce, "Memuna, akwai maganar da na ɓoye miki. Abin da ake faɗa a gari ba haka ba ne. Ban ƙara wa motar Baba iska ba. Ragewa na yi, kuma ragewar ce ta fasa tayar. Na san haka za ta iya faruwa tun kafin in danna ƙusar."

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da tura tsakuwa gefe da ɗan yatsa. Ta ce, "Na sani."

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Ba barci nake ba, Baban Fati. Kaina yana jikin ƙofa, kuna ƙarƙashin taga. Na ji ka ce za ka ƙara, na ji ya ce ka rage. Na ji ka fara maganar takarda ka haɗiye. Sau nawa ka zauna a ɗakin nan kana ba ni labarin Batoniyar nan da takardarta har na gaji da ji? Na san abin da kake tsoro. Ni ma na yi shiru, don ubana ne."

Ta ajiye farantin ta ce, "Duk watannin nan ina jira in ga ranar da za ka buɗe baki. Kunyar da ka ji masa da ransa ba ta amfane shi ba, wadda kake ji masa yanzu wa za ta amfana? Je ka faɗa musu. In an ce ƙarya kake, a zo a tambaye ni."

Na faɗa. Ranar Juma'a bayan an sallame na roƙi liman ya ba ni dama, na tsaya a ƙofar masallaci na faɗi abin da ya faru tun daga geji har garin roba, ban rage komai ba, ban kuma ɗora wa Alhaji abin da yake nawa ba. Na ce shi abin da ya sani ya faɗa, ni ne na san gaskiya na danne ta. Wasu suka yarda, wasu suka ce yunwa ce ta koya mini ƙarya. Razak ya dawo bayan wata biyu, ya buɗe ƙofar direba ya tsaya yana neman takardar. Ƙanen Memuna ya zo har nan ya ce na ci mutuncin ubansu a bainar jama'a. Hajiya kuwa daga ranar ba ta sake amsa gaisuwata ba. Shekara shida ina zuwa ina durƙusawa a ƙofar ɗakinta kowace Salla, tana juya fuska bango, har Allah ya karɓi abarsa. Ban ga laifinta ba.

To, ga aikin da kuka ce ba wuya. Tiyo da geji kam ko yau na ba ku kafin la'asar kun iya. Abin da ban san yadda ake koya wa mutum ba shi ne ya ɗago kai daga durƙuson nan ya ce a'a ga wanda yake jin nauyinsa.

Ranar nan, kafin in tashi daga gaban Memuna, na yi mata tambayar da ta fi damuna. Na ce, "Da na ƙi, da na ce masa ba zan rage ba sai dai ya kai wani wuri, ke a gabanki, ba za ki ce na wulaƙanta ubanki ba?"

Ta ɗauki farantinta ta ɗora a cinya. Sai a lokacin ta dube ni, idonta ya cika.

Ta ce, "Zan ce mana. Da na yi fushi da kai sati guda cur, ko abinci ba zan ba ka da hannuna ba. Shi kuma da ya yi wata bai amsa gaisuwarka ba." Ta share ido da bakin mayafi. "Da yanzu an daɗe da shiryawa."